Abin da kuka gani a bayan kyamara ba shi ne hoton ba

1/ Masu ɗaukar hoton biki, ku matso. Don Allah mu daina juya wa amarya bayan kyamara muna cewa "kin ga yadda kika fito". Alƙawari ne muke ɗauka ba mu sani ba. Ni saura kaɗan ya cinye min cikon kuɗin aikina. Zare ne, ku yi haƙuri da tsayinsa.

2/ Asabar ɗin da ba lakca nakan bi ogana aiki. Kwanaki ya tura ni kamu ni kaɗai a wani gida a Gyaɗi-Gyaɗi, wajen Court Road. Amarya cikin jan leshi, lalle ya kama raɗau. Duk ɗauka ɗaya sai ƙawaye su yanyame ni, "mu gani, mu gani". Ni kuma ina ta nunawa, kai na kumbura.

3/ Da dare na koma gida Tarauni na zuba su a Lightroom. Suka fito ras. Kafin in gyara zama sai na ga suna canjawa ɗaya bayan ɗaya a gaban idona. Jan leshin ya koɗe kamar an wanke shi sau goma, fuskar amarya ta yi toka-toka. Wallahi na zaci katin da na saya a Farm Centre ne jabu, har na shirya zuwa rigima da safe. Bawan Allah ba ruwansa.

4/ Ga abin da ke faruwa. RAW, wato CR2 ko CR3 a Canon, NEF a Nikon, ARW a Sony, ɗanyen nama ne. Bayanan hasken da ya shiga kyamara ne kawai, ba a gasa ba. Don ka samu abin kallo, kyamara na yankar ɗan kaɗan ta yi maka tsire: ta haɗa JPEG, ta zuba masa yajinta na kala da kaifi, ta ɓoye shi a cikin fayil ɗin. Wannan ɗanɗanon shi kake gani a bayan kyamara. Shi ƙawayen amarya suka gani.

5/ Lightroom ma shi take fara nuna maka, sannan ta ture shi ta gasa nata. Kuma ba yajin Canon take sawa ba. Tun 2018 Adobe Color take ɗora wa hoto idan ba ka zaɓi wani ba. Mai nama biyu, nama ɗaya.

6/ Akwai wadda ta fi wannan ciwo. Sony irin su A6000 da A7 III hotonsu 6000 ne a 4000, amma ɗanɗanon da suke ɓoyewa 1616 ne a 1080. Idan manhajar da kake tace hotuna da ita wannan ƙaramin take nuna maka, kana zuƙo idon amarya za ka ga ya yi dishi-dishi. Sai ka ce bai kama ba, ka goge. Alhali ainihin hoton tsaf yake. Kamu kuwa ba a maimaita shi.

7/ Na san wani zai ce to a ɗauki JPEG kawai mana a huta. A ɗakin hoto inda fitila take hannunka, ba laifi. Amma tsakar gida bayan la'asar, rabi rana rabi inuwa, can NEPA ta ɗauke a tada janareta ƙwai ya koma rawaya? JPEG mataki 256 yake riƙewa a kowace kala. RAW mai bit 14 yana riƙe 16,384. A cikin wannan tazarar ake ceto fuskar baƙar mace da ke tsaye kusa da farar shadda.

8/ Kuma yajin kyamarar ma ba wahayi ba ne. Shekara da shekaru Kodak da hoton farar Baturiya ta riƙa auna kala a wuraren wankin hoto. Don haka ni ba na ganin ɗanɗanon kyamara a matsayin "gaskiyar" fatarmu. (Masu mayar da amarya fara sol har kakarta ta kasa gane ta, ku ma akwai ranarku.)

9/ Yanzu RAW da JPEG nake ɗauka tare. Na mayar da Picture Style kan Neutral don bayan kyamarar ya rage zaƙi. A Lightroom ina zaɓar Camera Standard a ƙarƙashin Camera Matching, yana kusantar abin da na gani a wurin. In abu ya ƙi, Canon na da DPP, Nikon na da NX Studio, duk kyauta, kuma su sun san yajin gidansu.

10/ Amma wancan karon ban san duk wannan ba. Na gyara iya gyarawata na tura guda biyar ta WhatsApp, shi ma ya ƙara matse su. Ko minti goma ba a yi ba yayar amarya ta kira: "Kai yaro, ina jan leshin da muka gani?" Na ce Anti ki ba ni kwana biyu. Ta ce cikon kuɗina ma ya ba ta kwana biyu.

11/ DPP ce ta fid da ni, bayan na kwana ina jiran wuta. An biya ni cikon. Satin da ya wuce a wani kamun ƙawaye suka sake cewa "mu gani". Na ce batir ya kusa mutuwa.