Dokar inshora: sanda a kan direba, kamfani kuma fa?

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 da Sufeto-Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da umurnin a fara kama duk abin hawan da ba shi da takardar inshora, direbobi da 'yan acaɓa da masu a daidaita sahu suka ƙara samun abin da za a tsayar da su a kansa a shingen hanya. Dokar dai ba sabuwa ba ce. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta tun 1945, aka gaje ta kamar yadda aka gaji sauran dokokinsu. Manufarta ita ce in mai mota ya buge wani, ko ya lalata dukiyar wani, kamfanin inshora ya biya wanda aka cuta.

A watan Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin takardar motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara. Babur ya zama N3,000, keke mai ƙafa uku N5,000, babbar motar ɗaukar kaya N100,000. Hujjar hukumar ita ce an ɗaga abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3 a motar gida. To, a nan ne maganar take. Direbobi nawa ne a tashar Kwanar Dawaki ko ta Kawo suka san cewa wannan 'yar takarda tana da miliyoyi a bayanta? Mafi yawansu sun ɗauke ta a matsayin kuɗin tsira daga ɗan sanda. In hatsari ya auku, sai a taru a bakin titi, a yi ta "ka yi haƙuri, tsautsayi ne", mai laifi ya je ya ci bashi ya biya bakanike, kamfanin da ya karɓi kuɗinsa kuwa ko labari bai ji ba. Kuɗi sun shige, ba a taɓa neman su ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne takardun jabu. 'Yan na-kama da ke zagaye ofisoshin sabunta takardun mota sun daɗe suna buga takarda mai tambari da sunan kamfanin da babu shi, ko kuma wanda yake nan amma bai san da ita ba. Bawan Allah ya biya da guminsa, ya tafi da takardar banza. Ranar da aka kama shi, shi ne mai laifi a gaban doka. Wanda ya sayar masa yana nan a inuwar da ya bar shi.

Ba a ce gwamnati ba ta taɓa yin komai ba. Dokar soja ta 1997 ce ta kafa NAICOM, a 2003 aka yi dokar inshora, a watan Yunin 2022 kuma hukumar ta soke lasisin kamfanonin Niger Insurance da Standard Alliance. Amma kafin a kai ga sokewar, masu haƙƙi sun sha jeka-ka-dawo. A shekarar 2025 shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta ce kamfanin inshorar dukiya sai yana da jarin Naira biliyan 15 maimakon biliyan 3, na rai biliyan 10 maimakon biliyan 2, aka ba su shekara guda su cika. Dokar ta kuma tanadi asusun da za a riƙa biyan mutane in kamfani ya durƙushe. Wannan ya yi, domin wanda ba shi da abin biya bai kamata a ba shi lasisin karɓar kuɗin jama'a ba. Sai dai yawan jari ba ya sa mai taurin bashi ya biya. Kuma shinge a titi ake sa shi, ba a taɓa ganin an sa shi a ƙofar ofishin manaja ba.

Ga Musulmi akwai ƙarin damuwa, tunda malamai da dama sun ga garari da riba a inshorar kasuwa, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar OIC ta tafi a kan haka tun 1985, ta halatta ta taimakekeniya. Sudan ce ta fara kafa irin wannan kamfani a 1979. A Nijeriya sai 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, a 2016 aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Ke nan ɗan uwan da doka ta tilasta masa yana da inda zai je. Amma sunan Larabci ba ya wanke kowa: kamfanin takaful ma wajibi ne a tambaye shi lasisinsa, a tambaye shi su waye malaman da ke duba harkarsa, da yadda ake raba rarar kuɗi a ƙarshen shekara.

Duk wanda ya sayi takarda zai iya latsa *565*11# a wayarsa, ya sa lambar mota, ya ga ko tana cikin rumbun bayanan kamfanonin inshora, tun bai bar gaban wanda ya sayar masa ba. In an yi hatsari, a ɗauki hoto, a nemi rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani a rubuce ba tare da ɓata lokaci ba. In ya yi kunnen ƙashi, NAICOM tana da sashen karɓar koke. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da ke karɓar kuɗin tikiti kullum safiya su ne suka fi cancanta su riƙa bin wa 'ya'yansu waɗannan haƙƙoƙi. Ita kuma hukumar, ta riƙa karanta sunayen kamfanonin da suka riƙe wa mutane kuɗi a rediyo, da Hausa, duk bayan wata uku.