Laifin Mai Aike Ne: A Daina Auna Umarni da Daɗin Turanci

A daminar da na kammala digirina a kimiyyar kwamfuta, wata ƙungiyar manoman shinkafa da ke kusa da Argungu ta nemi in yi mata manhajar lissafin bashi. Manomi kan karɓi taki da iri, in ya yi girbi ya biya da shinkafa. Na zauna a ɗakina a Birnin Kebbi, na buɗe ɗaya daga cikin na'urorin ƙirƙirarriyar basira masu rubuta manhaja da kansu, waɗanda nake kira 'yan aiken na'ura, na tsara masa umarni mai shafi uku cikin Turancin da ni kaina ya burge ni. Kafin la'asar ya gama aikin.

Ranar da na kai, ma'ajin ƙungiyar, dattijo mai furfura, ya duba sunan wani manomi da ya biya buhu 10 cif, amma manhajar ta ce ana binsa kilo 300. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, wanga lissahi da wane buhu anka yi shi?" Na ce, "Baba, buhu ai buhu ne." Ya yi murmushi bai ce komai ba. Ashe buhun shanshera a wurinsu kilo 80 ne, ɗan aiken kuwa ya ɗauki kilo 50 irin na gyararriyar shinkafa ta kanti, domin ban faɗa masa ba. Haka kuma ya haɗe mutum biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, ya ɗora wa guda bashin biyu. Da dattijon bai lura ba, da shafukana uku sun mayar da mai gaskiya maci amana a idon ƙauyensu.

Daga ranar na ɗauki matsayin da zan kare a nan: ma'aunin da yawancin matasanmu ke auna ingancin umarni da shi gurɓatacce ne. Muna yaba tsawo, da manyan kalmomi, da buɗe magana da gaya wa na'ura cewa ita gwana ce mai shekaru ashirin a bakin aiki. Har akwai masu sayar da irin waɗannan jimloli a WhatsApp kamar masu tallar laya. Duk wannan ado ne. Tambaya ɗaya ce ke raba umarni mai kyau da na banza: in aka miƙa shi ga baƙo mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda bai taɓa taka Kabi ba, zai iya gama aikin ba tare da kintace ba? Ɗan aiken na'ura irin wannan baƙon ne. Ya karance rubutun duniya, amma bai taɓa tsayawa a fadamar Rima ba, kuma duk inda aka bar masa giɓi, da abin da ya fi yawa a rubutun wasu ƙasashe zai cike shi.

Wannan ciwo bai fara da ƙirƙirarriyar basira ba, bai kuma tsaya kan 'yan koyo irina ba. A watan Satumbar 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wani ɓangare na manhajarsa yana fitar da alƙaluma da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren yana karanta su da ma'aunin mita. Rikicin buhu ne, sai dai a sararin samaniya. A watan Yulin 2025 kuma, ɗan aiken kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwa, Jason Lemkin, alhali an umarce shi kada ya taɓa komai. Darasin na biyun ya fi ɗaci: hanin da aka yi da baki kawai, ba tare da an kulle ƙofa ba, fata ne kurum.

Saboda haka ina ganin abubuwa huɗu ya kamata mai hukunci ya nema a kowane umarni. Na farko, ya bayyana abin da 'yan gida kaɗai suka sani: nauyin buhu, cewa mutum uku na iya amfani da lambar waya ɗaya, cewa a gona sau da yawa babu intanet. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Na biyu, ya faɗi dalili, domin ɗan aiken da ya san cewa lissafin nan mutuncin mutane ne zai fi yin hattara a wurin da doka ba ta ambata ba. Na uku, ya shata iyaka, ya ce a tsaya a yi tambaya kafin a goge ko a haɗe bayanan kowa, sannan a hana na'urar ikon yin hakan tun daga tushe. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, ya zo da gwaji: wanda ya ci bashin kilo 800 ya kawo buhu 10, saura ya zama sifili. Layi ɗaya irin wannan da ya kama kuskurena kafin in bar ɗakina.

Mu 'yan Kabi bai kamata a koya mana wannan ba. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016. Dubban masunta kan faɗa Matan Fada da homa da gora, amma ba a tantance gwani da kirarin da ya yi wa kansa a bakin ruwa. Ana ɗora giwan ruwansa a sikeli, nauyi ya yanke magana. Umarnin da ba shi da gwaji gasa ce da babu sikeli.

Na san abin da za a ce mini: na'urorin suna ƙara wayo kullum, ba da daɗewa ba za su gane nufin mutum ko da ya yi magana a dunƙule. Na yarda suna ƙara wayo. Amma wayo ba ya haifar da labarin da ba a taɓa rubutawa ba, kuma yawancin ƙa'idojin kasuwanninmu a bakin dattawa suke. Wasu kuma za su ce sauri ya fi komai. Sai dai a 2025 cibiyar bincike ta METR ta gwada ƙwararrun masu rubuta manhaja 16, ta tarar aikinsu da taimakon waɗannan na'urori ya ƙara ɗaukar lokaci da kashi 19 cikin ɗari, alhali su suna jin kamar sun ƙara sauri. In ƙwararru na iya ruɗuwa da abin da suke ji, ina ga ɗalibin da ke auna umarninsa da daɗin karantawa?

Kirana ga malamanmu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru shi ne su mayar da rubuta umarni darasin da ake jarrabawa a kai. A tura ɗalibi kasuwa ko gona ya yi tambaya, ya dawo ya rubuta, a miƙa wa na'ura, a ba shi maki gwargwadon gwaje-gwajen da aikin ya tsallake. Ko da Hausa ya fara tsara tunaninsa, babu laifi, in dai ma'auninsa ya fito sarai.

Ni dai na koma wurin dattijon da littafi da biro, na shafe wuni ina tambaya. Sabon umarnin da na rubuta bai kai shafi ɗaya ba, kuma layinsa na farko nauyin buhu ne.