Wasiƙa Zuwa Ga Makanikan Dutse Kan Ƙarfin Tashin A-Kori-Kura

Zuwa ga iyayen gidana da 'yan'uwana masu gyaran mota a Dutse, Shuwarin, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu.

Akwai kukan da babu garejin da bai taɓa jin sa ba: "Oga, motar nan ba ta ja. In ta kama hanya lafiya lau, amma tashi da lodi sai na ƙona kuloci." Mai a-kori-kura ke faɗin haka, ko mai ƙaramar Hijet. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yawancin dabarun da muke yi da sunan ƙara wa mota ƙarfi rage shi suke yi. Mutum ya biya kuɗinsa, ya tafi da mota mai ƙugi da zuƙar mai, ranar kasuwa kuma ta sake kafewa a inda ta saba.

Mu fara duba aikin da motocin nan suke yi. Litinin suna kasuwar Shuwarin, Lahadi Gujungu, Alhamis wasu har Maigatari. Kafin su hau kwalta sai sun shiga ƙauye ta hanyar rairayi sun kwaso gero, riɗi ko zoɓo, da damina kuma ga lakar fadama. Mai irin wannan mota ba gudun kilomita 120 ne damuwarsa ba. Yana son taya ta murɗa da ƙarfi tun inji yana juyawa a hankali. Injin 22R na tsohuwar Hilux, mai lita 2.4, yakan ba da cikakken jansa a wajen juyi 2,800 a minti. Injin Hijet ko Suzuki Carry kuwa cc 660 ne kacal, kuma sai ya haura juyi 3,000 yake nuna abin da yake da shi. Ƙarfin dama kaɗan ne, don haka ɗan abin da ya zube a hanya sai direba ya ji shi a ƙafarsa.

Shawarata ta farko ita ce uwar sauran: ku nemo ƙarfin da ya ɓace kafin ku yi maganar ƙari. Motar da ta shekara ashirin ko talatin tana aiki ba ta riƙe da abin da ta fito da shi daga kamfani, kuma maido shi ya fi kowane sauyi araha.

Ku fara da iska. Ƙurar hunturu takan toshe iyakilina cikin 'yan makonni, sai yaro ya kai wa mai faci a hure ta da iska mai ƙarfi, takardar ta huje ba a sani ba. Wani ma cire ta yake gaba ɗaya, ya ce inji ya fi shaƙa. Ya shaƙa, amma har da yashi, kuma yashin nan shi ke cinye ringi da bangon silinda. Ku duba kuma inda bakin iskar yake. A watan Afrilu, in zafi ya kai digiri 40, iska takan rasa kusan kashi 6 cikin 100 na kaurinta in aka gwada da digiri 20. Idan bututun ya yanke, inji yana zuƙar turirin da ke ƙarƙashin bonet, asarar ta fi haka.

Sai matsi. Ma'aunin matsin silinda ba wani tsada gare shi ba, amma gareji nawa ne ke da shi? In silinda ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, duk wasan da za a yi da kafireta ɓata lokaci ne. Sau da yawa ma laifin bai kai ga ringi ba, bawul ne ya matse ba ya rufewa sosai. A 22R tazarar ita ce milimita 0.20 a na shiga, 0.30 a na fita, inji da zafi. Aiki ne da bai kai rabin yini ba, yakan dawo wa mota da jan da mai ita ya manta tana da shi.

Taimin kuma, don Allah a daina sa shi da kunne kaɗai. In ya yi baya, mota ta yi kasala ta riƙa zafi. In aka tura shi gaba da yawa, tana fanko za ta ba ka sha'awa, amma da an ɗora buhuna za ka ji inji yana ƙas-ƙas a hawa, fistin ne ke shan wuya. A gwada mota da lodi, ba a tsakar gareji ba. A duba siririyar robar da ta taso daga kafireta zuwa distiributa ko ta tsage, da ɗan famfon da ke watsa mai idan an taka totur. Mutuwarsa ce ke sa mota ta yi kamar za ta shiɗe a farkon tashi. Kafin a sallami mota a ɗaga ta a juya kowace taya da hannu. Birkin da ke kamawa ɓarawon ƙarfi ne da ba a cika zarginsa ba.

Yanzu ga abubuwan da nake roƙon mu bari. Fasa salansa da sa faffaɗan bututu yana ƙara ƙara ne, kunne ya ɗauka ƙarfi ne. Hayaƙin ƙaramin inji yana bukatar gudu a cikin bututu don ya jawo na bayansa, faɗi kuwa yana kashe gudun nan daidai lokacin da inji ke juyawa a hankali. In tukunya ta toshe a gyara ta, amma a bar faɗin bututu yadda yake. Buɗe jet ma haka: mai ya fi iska, filogi ya yi baƙi, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya yi wa talaka wannan aiki ya shiga haƙƙinsa. Cire tamostat ba ya maganin zafi, lagireto ne ke neman wanki. Turbo na kwance da ake ɗaukowa daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a liƙa wa injin da ba a ƙera shi da shi ba, wannan gaskit da fistin ne za su biya.

Inda ƙarfin tashi yake na gaske, bayan inji ya samu lafiya, shi ne taya da aksil, kuma nan ne muka fi sakaci. Kowannenku ya san in noti ya ƙi, bututu ake zura wa sifana a ƙara masa tsawo. Hannun bai ƙara ƙarfi ba, amma notin ya kwance. Aikin giya da haƙoran aksil ke nan. Babbar taya kuwa gajarta bututun take yi. Hijet takan zo da taya 145 a kan wili mai inci 12, tsayinta kusan santimita 54. Mai mota ya ga tana taɓa ƙasa, ya sa 175/70 a wili mai inci 14, tsayi ya koma santimita 60. Ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin goma na jansa a kowace giya, babu kuma filogin da zai maido masa. Kafin ku taɓa inji ku karanta lambar da ke jikin taya, ku gwada da wadda kamfani ya rubuta.

In dole sai da babbar taya saboda ramuka, to a rama ta wajen aksil. A ƙirga haƙora. Babban faifai mai 41 da ƙaramin kai mai 10 yana ba da 4.10, mai 41 da 9 yana ba da 4.56, ƙarin ja na kusan kashi 11 cikin 100. Hilux ta fito da irin waɗannan daban-daban, ana kuma samunsu a wajen masu kayan kwance. Sai dai a gaya wa mai mota gaskiya tun farko: a titin Kano inji zai fi kuka, mai zai fi tafiya. Wanda aikinsa tsakanin gona da kasuwa ne ya ci riba, mai doguwar tafiya kullum ya yi tunani. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole gaba da baya su zama lissafi ɗaya, in ba haka ba giya za ta watse.

Maganar da ta fi wuyar faɗa ita ce ta lodi. A Japan, inda ake ƙera Hijet da Carry, kilo 350 doka ta yarda su ɗauka: buhun siminti bakwai, ko buhun hatsi mai kilo 100 uku da rabi. Mu nan sai mu ƙara ganyen sifirin biyu ko uku, bodi ya daina zama, mai mota ya ɗora buhu goma sha. Sifirin ya ɗauke nauyin, amma inji, kuloci da birki suna nan yadda suke, kuma a saman buhunan nan mutane ake jerawa. Na san ba son zuciya ne kaɗai ke sa direba haka ba, kuɗin mai da na mai mota suna jiransa da yamma. Duk da haka bakanike ne kaɗai zai iya zaunar da shi ya lissafa masa kuɗin kuloci biyu a shekara da kwanakin da mota ke kwance, ya gwada da kuɗin sawu na biyu.

Ku ƙara masa da abin da ba ya cin ko kwabo. Ya tashi da giya ta ɗaya komai saurinsa. Ya sauko da giya tun kafin hawa ko rairayi, kada ya jira inji ya fara kakari. Ya ɗan rage iskar taya in zai shiga yashi mai zurfi, ya maido ta da zarar ya kusa kwalta. Mai Hilux da ke da ƙaramar sandar giya ya koyi amfani da ita, don irin hanyoyinmu aka yi ta.

Ga shugabannin ƙungiyarmu ta NATA kuma, roƙona shi ne kowane rukunin gareji ya haɗa kuɗi a sayi ma'aunin matsi, fitilar taimin da ma'aunin tazarar bawul, a ajiye wajen amintacce, a kuma ware rana guda a wata da za a koya wa yaran gareji aiki da su a kan motar da ke ɗauke da lodi.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a, daga Dutse.