Kunkurun Gida da Iccen Tut

A wannan wata zancen kunkuru za mu yi, amma ba na tatsuniya ba.

Gidaje da dama suna ajiye babban kunkurun nan na Sahel, wanda ake samu tun daga Senegal har Sudan. Shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, namiji yakan wuce kilo 50. Ya yi ƙaranci a daji, har tun shekarar 2000 aka hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don ciniki. Saboda haka na gidajenmu amana ne.

Kwanan baya mun ziyarci mahaifin wani ɗalibinmu, muka tarar da kunkurunsa yana cin ɗumamen tuwo da ƙanzo. Ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu, ƙafafun baya da ƙyar suke ɗaukarsa. Maigidan ya ce ai gata yake yi masa. Wane gata? Wannan dabba ciyawa ce abincinta, ɗanya ko busasshiya, sai ganye a kai a kai.

To, ina ganye da rani? Masu kiwon wannan kunkuru a Amurka sukan shuka masa iccen da Larabawa ke kira tut, Turawan Ingila kuma malberi. Farin irinsa asalinsa ƙasar Sin, da ganyensa ake kiwon tsutsar siliki. Ganyen yana da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da ƙoƙon baya, kuma kunkuru ba ya yi masa tayi biyu.

Shukarsa ba wuya. A yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon santimita 25, mai ido uku ko huɗu, a kafa rabinsa a ƙasa da farkon damina. Icce ne mai son ruwa, don haka kusa da wurin alwala ya fi. Amma a nisanta shi da katanga da rijiya, saiwarsa tana da yawo. A riƙa sassabe shi kada ya wuce tsayin mutum, sai ya yi ta sabon toho. Kada a fesa masa maganin ƙwari ko kaɗan.

Abokan gabarsa biyu ne: akuya, da shi kansa kunkurun, wanda zai tumɓuke dashen tun bai kama ba. A kewaye shi da tubali, shingen kara ba ya tsayar da kunkuru. 'Ya'yan iccen kuwa a bar wa yara, zaƙi da yawa yana ɓata wa kunkuru ciki.