Sayen Littafin Zane Daga Nesa: Amsa Ga Malamin Disina

A makon jiya wata takarda ta iso mini daga Disina, cikin Ƙaramar Hukumar Shira ta ƙasar Katagum. Mai ita malamin firamare ne, ya kuwa roƙe ni kada in bayyana sunansa, wai abin da ya same shi da kunya, ko da yake ni ban ga abin kunya a ciki ba.

Ga yadda al'amarin ya faru. Malamin ya lura 'yan ajinsa na shida ba su taɓa littafi sai an tsaya a kansu, amma ran da ya zo da wani tsohon littafin labari cikin zane, watau irin wanda ake jera hotuna gida-gida, maganar kowa tana fitowa daga bakinsa cikin 'yar ƙawanya, sai da ya raba faɗa a kansa. Ganin haka ya haɗa kuɗinsa da na waɗansu iyaye uku, naira 40,000, ya aika wa wani mai talla da ya gani a Facebook, wanda ya yi masa alkawarin littafi 20. Yau wata biyu ke nan, ba littafi ba kuɗi, lambar mutumin ma ta daina shiga. Iyaye kuwa sun fara yi masa kallon da bai saba da shi ba. Yana tambaya ko akwai hanyar da mutumin karkara zai sayi irin waɗannan littattafai ta intanet, da rahusa, ba tare da an yi masa sakiyar da ba ruwa ba.

Malam, da farko dai ka sani abin da ka gani a ajinka ba baƙon abu ba ne. Iyayenmu har yau suna ba da labarin Lance Spearman, jarumin mujallar African Film wadda kamfanin Drum ya riƙa bugawa daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Ita da hotunan mutane aka yi ta, ba zane ba, amma tsarin ɗaya ne. A 1976 Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super, inda aka san Papa Ajasco. Mu kuma da Supa Strikas muka tashi, labarin 'yan ƙwallon nan da aka fara a Afirka ta Kudu a shekarar 2000. Ni kaina a cikinsa na fara karanta Turanci ba don tsoron bulala ba. Saboda haka dabararka daidai take, cinikin ne ya karkace.

To, a zo ga kuɗi, don nan gizo ke saƙa. A Amurka ana sakin irin waɗannan labarai fitowa-fitowa, kowace wata siririn littafi guda mai shafi ashirin da 'yan kai, a kan dala 4 ko 5. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haye 1,500. In aka yi lissafi da 1,500 ɗin, siririn littafin nan guda ya kama naira 6,000 ke nan tun bai bar kanti ba, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Sa'an nan ga kuɗin dako, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin littafin kansa. Duk wanda ya ce zai ba ka sababbin littattafan waje 20 a kan naira 40,000, ko dai na sata ne da aka kwaikwaya, ko kuwa babu su sam. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Maganin wannan shi ne ka rabu da siraran, ka nemi kundi. Masu ɗab'i sukan haɗa fitowa biyar ko shida su ɗinke wuri guda, su sayar ƙasa da abin da za a biya in an saye su ɗai-ɗai, ga shi labarin ya cika, ga bango mai jure hannun yara talatin. Siriri kuwa mako guda a aji ya ishe shi zama tsumma. Kuma kada ka raina na gwanjo. Zane ba ya tsufa don wani ya riga ka gani.

Abu na biyu, ka fara dubawa a gida. Akwai shagunan littattafai na Nijeriya masu sayarwa ta intanet da naira, irin su Rovingheights mai rassa a Ikko da Abuja, haka nan kamfanin ɗab'i na Cassava Republic da ke Abuja, wanda a 2019 ya buga On Ajayi Crowther Street, labarin da Elnathan John, haifaffen Kaduna, ya rubuta, Alaba Onajin ya zana. Sai dai in ja kunnenka, wannan na manya ne, ba na 'yan aji shida ba. Mutane da yawa sun ɗauka duk abin da aka zana na yara ne, ba haka ba ne ko kusa. Ka karanta kowane littafi da kanka kafin ka miƙa shi, domin iyayen Disina za su iya yafe maka asarar kuɗi, amma ban da wannan.

Ko a ina za ka saya, ka nemi lambar littafin mai alƙaluma 13 da ke bayan bango, wadda ake kira ISBN, ka gwada farashinsa a wuri biyu ko uku. Ka sa a ɗauko maka hoton ainihin littafin a hannun mai shi, ciki da waje. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum da ba shi da shagon da za a iya zuwa a ƙwanƙwasa. In da hali ka biya bayan kaya sun iso. Na san masu raba kaya ba safai suke shiga ƙauyuka ba, don haka ka ba da adireshin wani amintacce a Azare, ko ka sa ɗan'uwa a Kano ya karɓa ya duba, ya naɗe da leda saboda damina, ya ba direba a tasha kamar yadda aka saba.

Saura na karantawa a waya. Kamfanin Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Ikko a 2013 ya yi suna ne da sakin labaransa kyauta, shirin African Storybook kuma yana da labaran yara masu hotuna cikin Hausa waɗanda ba a biyan ko kwabo. A kan na kyauta ba ni da ja. Amma na saye ina ɗari-ɗari da su, don na ga OkadaBooks, wadda marubutanmu da yawa suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023, a daidai lokacin da Amazon ta kashe manhajar ComiXology ta mai da masu ita cikin Kindle. Abin da ke cikin akwatinka naka ne. Wanda ke cikin manhaja kuwa aro ne, ko da ka biya. Balle ma waya ɗaya ba ta zagaya aji.

Wani abu guda yana ci mini tuwo a ƙwarya. Roye Okupe, ɗan Nijeriya mazaunin Amurka, ya fitar da Malika a 2017, labarin wata sarauniya mayaƙiya da ya ɗauko hasken ta daga Amina ta Zazzau, har kamfanin Dark Horse ya ƙulla yarjejeniya da shi a 2021. Watau yaron Disina zai biya dala ya karanta labarin kakarsa cikin Turanci. Ga mu da marubuta jingim a Kano, ga masu zanen allunan shaguna da bayan manyan motoci a kowane gari, amma har yau ba su zauna tabarma ɗaya ba.

Game da kuɗinku da suka maƙale, Malam, ka ɗauki shaidar turawar ka kai ƙara bankinka a rubuce, ka kuma tara iyayen nan uku ka nuna musu takardar da idonsu. Ni kuma na tono Supa Strikas guda 9 daga akwatina a gida, bangon biyu ya yage amma cikinsu lafiya lau. Ran Asabar zan ba direban Azare, sai ka aiko wanda zai karɓa.