MABUƊIN DA AKA RABA WA KOWA BA ASIRI BA NE

Jama'a, ku kawo kunne. Ni akawu ne, aikina riƙon rajista, kuma tun ranar da aka danƙa mini akwatin takardu aka gaya mini cewa ba a ajiye mabuɗi a bakin kwaɗo. Wannan ƙa'ida ko ɗan tireda a kasuwar Daura ya san ta. To, abin takaici, yawancin masu rubuta manhajar da ake cewa mu sa a wayoyinmu ba su kiyaye ta ba, mahukunta kuwa sun zuba musu ido.

Ga yadda abin yake. Manhajar banki, ko ta bashi, ko ta wata hukuma, ba a cikin wayarka take ajiye bayanan jama'a ba. Suna can wata babbar kwamfuta, wato rumbu, sai ta nuna mabuɗi kafin a buɗe mata. Malalacin ma'aikaci sai ya rubuta mabuɗin nan a cikin manhajar kanta, mabuɗi guda ga kowa da kowa, sa'an nan ya sake ta duniya ta ɗauka kyauta. In ka tambaye shi sai ya ce ai an niƙe rubutun ya koma harshen inji, ba mai iya karantawa. Wannan zancen banza ne! In aka niƙa gero da tsakuwa a ciki, rariya za ta fid da ita. Dole manhaja ta fito da mabuɗin duk sa'ad da za ta yi aiki, mai wayar kuwa yana nan zaune yana kallo. Ko an nannaɗe shi, ɓarawo zai ɓata kwana biyu ne kawai.

Kada wani ya ce ƙage muke yi. Tun 1883 wani malami mai suna Auguste Kerckhoffs ya rubuta cewa tsarin asiri na ƙwarai shi ne wanda ko ya faɗa hannun abokin gaba ba a yi hasara ba, muddin mabuɗi na hannunka. Manyan kamfanonin sinima na Amurka sun kulle faifan DVD, amma suka bar mabuɗi a cikin manhajar kallo. A 1999 wani yaro ɗan ƙasar Norway, Jon Johansen, da abokansa suka zaro shi, kullen ya tashi a banza. A 2022 kamfanin Symantec ya bincika, ya sami manhajojin waya 1,859 ɗauke da mabuɗan rumbun Amazon a cikinsu. In masu kuɗin duniya sun kasa ɓoye mabuɗi a cikin kayan da suka raba, ina ga ɗan kwangilar da aka ba aiki don sanayya?

Yanzu mu dawo gida. Watan Disamba na shekarar 2020 ba mu manta ba, cikin wannan wata ne Gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, in ba haka ba a toshe. Mutanen Baure, da Zango, da Sandamu, da Mai'adua suka yi sammako suka bi layi cikin sanyin hunturu. Tsofaffi suka ba da hoto, suka dangwala yatsu goma, suka faɗi sunan mahaifi da garin haihuwa. Talaka ya cika umurni. Shin an riƙe masa amana?

A watan Yuni 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wani kamfani mai suna AnyVerify yana sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan naira 100, har ta ce ta sayi na Ministan Sadarwa, Bosun Tijani. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. To, mun ji. Amma in ba a fasa rumbu ba, ga hatsi kuma a kasuwa, ashe wani yana da mabuɗi ke nan. Ko daga cikin manhaja aka zaro shi, ko wani wakili ne ya ara wa abokinsa, ciwon ɗaya ne: an saki mabuɗi, ba a lura da mai shiga ba. In na Minista naira 100 ne, nawa ne na mai tallan fura?

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. Da lambarka da hotonka ana iya yin rajistar layi, a ci bashi, ko a yi waya a nemi kuɗin fansa. Ran da 'yan sanda suka biyo sawu, ƙofarka za su buga. Kwaɗo in ya lalace a sayi wani, amma wa ya taɓa sake yatsunsa?

Doka kuwa akwai ta. A watan Yuni 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta ce in asiri ya fita a sanar da Hukumar NDPC cikin awa 72, babban mai laifi kuma a ci shi tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, wanda ya fi yawa. Doka a takarda ba ta tsare ƙofa.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, babban mabuɗi ya zauna a rumbu, kada a sa shi cikin manhajar da ake rabawa. Na biyu, kowane mutum da kowane wakili a ba shi nasa, mai ƙarewa da wuri, mai buɗe ɗaki ɗaya tak. Na uku, a rubuta sunan duk wanda ya duba bayanin wani, mai bayanin kuma ya iya gani. Na huɗu, masu bincike na waje su kwance kowace manhajar hukuma kafin a sake ta, a buga sakamakon. Na biyar, in an yi ɓarna a sake mabuɗi nan take, a kuma faɗa wa jama'a da Hausa a rediyo.

Wakilanmu na majalisa, ku tashi ku yi tambaya. Ku kuma 'yan'uwa, kafin ku miƙa lambarku ga mai shago ko ga wata manhaja, ku ce: mabuɗin yana hannun wa? Allah ya tsare mana asirinmu, amin.