Katafila Ba Jaki Ba Ce

Duk shekara, da zarar marka ta kankama a watan Agusta, sai hotunan su fara yawo a wayoyinmu. Ga eskabeta ta nutse a fadama, hannunta a sama kamar mai neman agaji. Ga katafila ta kishingiɗa a bakin kwalbati. Ga doguwar tirela ta zubar da gireda a kwana, ta tare hanya tun asuba. A yi dariya, a tura wa na gaba. Mu abin da ya hana mu dariya shi ne yadda ake fitar da su, domin a nan ake caca da rayukan mutane. Maganarmu da 'yan kwangila ce, da waɗanda ke ba su aikin.

Kowa ya san yadda ake yi. Ɗan kwangila ya iso yana huci, ya aika a kirawo tifa biyu, a lalubo wata tsohuwar sarƙa da aka dame da walda a inda ta taɓa tsinkewa. Leburan da ya fi kowa ƙarancin lada shi ake turawa cikin laka ya ɗaura ta a duk inda hannunsa ya kai. 'Yan kallo sun yi zobe, har da yara masu tallar rake. Sai ihu ya tashi: "Ja! Ba ta wuta!" Haka ake yi wa jakin da ya turje a tabo, wani ya ja akala, wani ya tura ta baya. To, jaki ba ya kai tan ɗaya.

Eskabeta irin CAT 320, wadda muka fi gani a wuraren aiki, ta haura tan 20. Katafila ƙirar D8 ta doshi tan 40. Kuma nauyin ba shi kaɗai ake ja ba, laka ma tana riƙewa, kamar yadda take cire wa mutum takalmi ta bar shi da ƙafa. Sojojin Amurka, waɗanda tankokinsu ke kafewa kamar na kowa, suna da ƙa'ida a littattafan horar da masu janwensu. In abin hawa ya nutse iya tayoyi, ƙarfin da za a ja shi da shi daidai yake da nauyinsa. In laka ta haura saman sarƙa, a ninka biyu. In ta kai ɗakin direba, a ninka uku. Ke nan eskabetar da ta nutse har ɗakin direba tana neman ƙarfin tan 60 ko fiye. Wane ne a cikin masu ihun nan ya san tan nawa sarƙar da aka ɗauko za ta iya jurewa? Ko mai ita bai sani ba.

Idan sarƙa ko igiyar ƙarfe ta tsinke a kan irin wannan ja, ba faɗuwa take yi ƙasa ba. Dawowa take kamar bulala, da ƙugiyarta a baki, ta fasa gilashin tifa, ta sare duk abin da ta tarar a hanya. Shi ya sa masu sanin aikin ba sa barin kowa ya tsaya a kusa da ita, sai a nesa da ta wuce tsawon igiyar. Mu kuwa a nan ne ake rububin wurin tsayawa don bidiyo ya fito da kyau. In tsautsayi ya faɗa, a ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya ɗaura ruɓaɓɓiyar sarƙa a tsakiyar taro ba shi da bakin fakewa da ita.

Abin haushin shi ne, hanyar da ta dace ba boyayya ba ce. Tsofaffin direbobin katafila sun san ta, haƙuri kawai take so. Da farko direba ya daina murza sarƙa, domin kowace murzawa kabari yake ƙara haƙa wa injin. A zuƙe ruwan da ya taru, a kwashe lakar da ta manne a ciki da gefuna don riƙon ya saki. A shimfiɗa manyan katakai ko gumagumai. Eskabeta ma tana iya taimakon kanta: ta dafa bokitinta a kan katako, ta ɗaga gefe guda, a cusa mata abin takawa, ta juya ta ɗaga ɗayan. In ja ya zama dole, a ja ta ta hanyar da ta shigo, a ɗaura a wurin da masu ƙera ta suka tanada, a ja a hankali ba da fizga ba. In kuma ruwa ya kai ga injin, kada a kuskura a tayar da shi, domin ruwa ba ya matsuwa a cikin silinda, ƙarafan ciki ne za su lanƙwashe. Aikin yini biyu ne ko uku. Ɗan kwangila kuwa so yake a gama kafin la'asar.

Har ma abin ya fara tun kafin kafewar. Sarƙar katafila saboda laka aka ƙirƙiro ta. A 1904 Benjamin Holt ya gwada tarakta mai tafiya a kan sarƙa a kusa da garin Stockton na jihar Kalifoniya, don manyan taraktocinsa masu aiki da tururi suna nutsewa a ƙasa mai taushi ta yankin. Daga nan sunan Caterpillar ya fito, mu kuma muka mayar da shi katafila. Sarƙa tana baza nauyi, amma ba ta mayar da ƙarfe kwalekwale. Ƙasar firgi ta gabashin Borno, wajen Dikwa da Marte da Ngala, baƙar laka ce mai tsattsagewa da rani, da damina kuwa ta kumbura ta kama duk abin da ya taka ta. Dausayin Haɗeja zuwa Nguru, inda ake fama da ciyawar kachala a hanyoyin ruwa, akwai eskabeta mai yawo a kan ruwa da aka ƙera don irinsa. Manomin wurin ya san inda ƙasa ke cin ƙafa, ba a tambayarsa. Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, wurin nan ba zai ɗauke ta ba," a ce masa akwai masu neman aikinsa. Ya shiga, ta kafe, a zaftare masa albashi.

Za su ce kuɗi. Motar ƙugiya tsada gare ta, ba kowane gari ake samunta ba, wani lokaci sai an yo hayarta daga ɗaruruwan kilomita. Mun ji, kuma gaskiya ne. Sai dai a lissafa ɗaya gefen. Injin da aka fizga aka karya masa ƙafa, nawa ne gyaransa da kayan da ake saye da dala? Ɗaruruwan litar gas da man hayidirolik da ke cikinsa, in suka tsiyaye a fadamar da ake noman shinkafa, ake kamun kifi, wa zai biya? Tirelar da ta kife da gireda a wuri irin Hawan Kibo ta tare hanya, tumatir da ke ruɓewa a motocin da ke baya da mara lafiyar da ke cikin layin ba sa shiga takardar kowa. Arahar da ɗan kwangila ke samu, wasu ne ke cika masa cikon.

Saboda haka muna neman abu ƙwaya uku daga ma'aikatun ayyuka da ƙananan hukumomi, kuma babu mai wuya a ciki. Kafin a saki kuɗin fara aiki a fadama ko da damina, ɗan kwangila ya nuna a rubuce yadda zai fitar da injinsa in ya kafe, da sunan mai ƙugiyar da zai kira, da igiyoyi masu shaidar nauyin da suke ɗauka. Direban da ya ƙi shiga wurin da ya ga haɗari, kada a kore shi a kan haka. Ranar da za a ja kuma, a sa dogarai ko 'yan sanda su kori jama'a baya, a fara da yara, kafin a tayar da tifa.